Tsarkiyar da Ba Ta Shiga Waya Ba

Saura 'yan shekaru Turawa su naɗe tabarmarsu aka turo ni Haɗeja aikin gyaran waya. Aikin duk tafiya ce. In bi turakun tarho daga gari zuwa tashar jirgin ƙasa, in duba inda iska ta tsinka ko gara ta ci, in hau in ɗaura. Wayar da nake gyarawa kullum cike take da maganar mutane, amma ni sai in wuni ban ce wa kowa ci kanka ba. Akawunan gidan waya ɗan ƙauye suka ɗauke ni, mutanen gari kuma yaron Nasara. Ni ɗan Miga ne, ba wata uwa duniya ba ce tsakaninmu, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na shekarar nan ba.

Ɗakin da na samu a gidan wani tsoho yake, can wajen ƙofar da ake bi a gangara kogi. Baba nake ce masa, shi kuma Mai Waya yake ce min. A zamaninsa makaɗin garaya ne, mafarauta da masunta ba sa fita babbar fita sai da shi. Da na zo ya shekara bakwai da kurumcewa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani ƙauye wajen Baturiya. Kunnensa na hagu yana ɗan tsintar magana idan ka kafa baki ka yi ihu, amma wa zai zo hira yana ihu? Abokansa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zamana ni da shi ne a zaure bayan la'asar, kwano ɗaya, ba mai cewa uffan.

Garayarsa na rataye a bango. Wani lokaci yakan sauko da ita ya danna kan sandar a dasashinsa, ya taɓa tsarkiya. Da farko na zaci rikicin tsufa ne. Daga baya ya gaya min cewa da yana da haƙora, in ya ciji sandar yakan ji kiɗan yana bi ta ƙashin kansa. Yanzu haƙoran sun zube, dasashi kuwa ba ya kai saƙo.

Maganar nan ta tsaya min a rai. Lokacin da nake koyon aiki a Kano na taɓa leƙa wani wurin rawa a Sabon Gari, na ga wani mutumin kudu da jita mai lantarki. Katako ne zalla, ba ƙwarya ba fata, amma in ya taɓa sai ka ji har cikin hanjinka. Na tare shi a bakin ƙofa na tambaye shi sirrin. Ya ce ba wani sirri, mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar waya aka kwantar ƙarƙashin tsarkiya, shi ke ɗaukar sautin ya kai wa akwati. Iyakar karatuna ke nan a fannin, minti biyu a tsaye. Amma na san cikin kan tarho, wato ɓangaren da ake karawa a kunne, akwai mayen ƙarfe da naɗin waya. Ina da matattun kawunan tarho biyu da aka yar. Ina kuma da rediyo mai batir wadda ke da ramuka biyu a baya na soka wayar garmaho. Na ce a raina, ɗaya ya ɗauko, rediyo ta ƙara masa ƙarfi, ɗayan ya zuba wa Baba a kunnen hagu.

Na zana masa abin a ƙasa, na yi ihu har muryata ta dishe. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya yi dariya.

"Mai Waya, wannan ai karambanin akuya ne."

"Bari dai in gwada, Baba."

Bai ji ni ba, amma ya ga bakina. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata 'yar jakar fata. Tsarkiya biyu ne a ciki, na jijiyar sa, sun sha man shanu har suna ƙyalli. Ya ce su ne na ƙarshe da ya murza da hannunsa tun yana ji, bai taɓa ɗaura su ba. Makaɗi ba ya ba bare tsarkiyarsa, ko ɗansa sai ya isa. Ya sa min su a tafin hannu ya rufe da nasa.

"In za ka jiyar da ni, waɗannan za ka jiyar da ni," in ji shi.

Na karɓa da hannu biyu ina jin kaina wani babba.

Ni ba kafinta ba ne, kuma abin da na haɗa ya shaida haka. Gangar jikin daga katakon wani fasasshen kwalekwale na yanko ta, maɗaci ne da ya sha ruwa ya ƙeƙashe, sai da ya cinye min zarto. Wuyan farko na yi shi da ɗanyen icce, kafin sati biyu ya lanƙwashe kamar lauje. Na biyu tsohuwar taɓarya ce na fere. Jitar Kano tsarkiya shida gare ta, tawa biyu, don su nake da su. Na fafe rami a tsakiya na binne hanjin kan tarhon, na liƙe da ƙaro. Da na gama, abin ya fi kama da allon da ya yi faɗa da galma. Duk da haka na goge shi da man gyaɗa, na ƙona masa zane a gefe da jan ƙarfe, ina son sa kamar ɗan fari.

Labari ya fita, dama a garin nan ko tari ka yi sai an ji a kasuwa. Aka ce wai ni, jikan malamai, na koma sassaƙa kayan roƙo. Wani dattijo da ko sallamata ba ya amsawa sosai ya tare ni a ƙofar masallaci yana min nasiha. Na ce masa wata takwas ina garin nan bai taɓa tambayar ko na ci ko ban ci ba, yau ne ya san ni jikan wani ne? Bai kamata in faɗa ba, amma har yau ban yi nadama sosai ba. Daga ranar 'yar gaisuwar da nake samu ma ta ragu.

Ranar gwaji na jira 'yan kwalaban da ke cikin rediyo suka yi zafi, na kara kan tarho a kunnena, na taɓa tsarkiya. Shiru. Sai wani huci kawai, shuuu, kamar ana sheƙa gero daga nesa. Na ƙwanƙwasa katakon, na ji wani ɗan dum can ƙasa. Na sake taɓa tsarkiya, ko alama. Baba na zaune yana kallon fuskata.

Na ɗora wa naɗin waya laifi. Na warware shi, waya ce sirirya kamar gashi, na sake naɗawa, ta tsinke, na sake. Na ce tazara ce ta yi yawa, na ɗago mayen ƙarfen har yana gogar tsarkiya. Na ce rediyon ce, na kwance ta na mayar. Rani ya wuce a haka, bazara ta shigo. Kowane gwaji kuma yana cin batir, batirin nan kuwa sai an yi saƙo Kano jirgi ya kawo, in ma an samu. Na daina jin labarai don in tanada shi. Har zaman zaure na rage, ina ɗaki ina sauraron huci, Baba na cin abinci shi kaɗai. Abu ɗaya ne ban taɓa zargi ba, tsarkiyar. Yaya za a yi in zargi abin da aka ba ni da irin wannan girmamawa? A wurinmu tsarkiya jijiya ce ko izgar doki, kuma ta Baba ta fi ta kowa.

Da ruwan farko 'yarsa ta zo da mijinta da jaki. Ta ce ba za ta bar shi ya sake yin damina shi kaɗai ba, gara su tafi tun ruwa bai rufe hanya ba. Ba ta yi laifi ba. Baba ya leƙo ɗakina, ya dubi allon nawa a jingine.

"In ta yi magana ka kawo min ita, Mai Waya. In ba ta yi ba, kai ka zo."

Gidan ya zama ni kaɗai da ƙadangaru. Nakan dafa abinci in zuba a kwanon nan namu, in ci gefena in bar nasa gefen, sai in tuna. Na yi kewar tsohon da ba ma magana da shi fiye da yadda na yi kewar garinmu.

Wata Juma'a da hantsi na yi gwaji na ƙarshe, shiru dai. Zuciya ta ɗebe ni. Na zaro wuƙa zan kwance tsarkiyar in adana, sauran tarkacen in kai wa kogi. Kan tarhon na maƙale a kafaɗata, rediyo a kunne. Ƙarfen wuƙar na giftawa kan mayen ƙarfen sai na ji ƙwas a kunnena, har na zabura. Na sake giftawa, ƙwas. Na zauna daɓas. Abin nan ba sauti yake ji ba, motsin ƙarfe yake ji. Sunansa ma ya faɗa, yara a kasuwa sun sani. Wata shida ina ba maye jijiya ina mamakin ya ƙi ci.

Ƙarƙashin gadona akwai ƙullin tsohuwar wayar sojoji, wadda cikinta ke da silin baƙin ƙarfe masu tauri. Tun zuwana take nan. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Na zare sili biyu na ɗaura, na taɓa sau ɗaya. Sautin ya doke ni har hawaye ya zubo. Na kashe rediyon nan take, don batirin ya kusa kai gargara.

Na nemi izinin kwana biyu. Ruwa ya riga ya shafe hanya, fadama ta zama teku, kan itatuwa kawai ake gani da tsuntsaye. Rabin tafiyar a kwalekwale na yi, rabi ina ratsa ruwa iya ƙirji, rediyo da batir a ka cikin ƙwarya, jita a ɗaure a bisa. Na isa bayan azahar. Baba na zaune ƙarƙashin rumfa ya rame, mutane na ta harkarsu a gefensa kamar turmi aka ajiye.

Na haɗa wayoyi, na ɗaura masa kan tarhon a kunnen hagu da rawaninsa, na murɗa rediyo har ƙarshe, na ɗora masa jitar a cinya. Ya taɓa. Jikinsa duka ya girgiza. Ya sake taɓawa, ya karkata kai.

"Ta ƙasan ta saki, ɗaure ta," in ji shi.

Abin da ya fara faɗa ke nan da ya ji kiɗa bayan shekara bakwai. Na ɗaure ina dariya ina share ido. Ya kaɗa wani ɗan taken mafarauta, 'yarsa ta saki muciya ta fito. Sai ya tsaya. Ya bi tsarkiyar da ɗan yatsa daga sama har ƙasa.

"Wannan waya ce. Ina nawa?"

Na fiddo jakar fatar daga aljihu. Na kafa baki a kunnensa na yi bayani, cewa abin ƙarfe kaɗai yake ji, jijiya ba ta shiga.

"Ɗaura min su."

"Baba, ba za ka ji ba, batirin kuma mutuwa zai yi. Ka kaɗa wannan tun da sauran wuta."

"Ɗaura min su, Mai Waya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata shida, da bakin mutanen gari, da ruwan da na ratso, a ce a ƙarar da sauran batirin a kan abin da na san ba zai yi ba. Na yi masa ihun da ya wuce na kurumta. Ya bari na gama, sannan ya dafa gwiwata.

"Na ji ta ƙarfe, Allah ya yi maka albarka. Amma ba ita na yi kewa ba."

Na kwance wayar na ɗaura jijiyar cikin haushi. Kafin in gama hucin rediyon ya yi ƙasa ya ɗauke. Ban gaya masa ba, shi ma bai cire abin daga kunnensa ba. Ya gyara zama ya fara kaɗawa. A kan busasshen katako sautin ɗan ƙarami ne, sai na matso har kafaɗarmu na haɗuwa. Murya ce mai kauri, mai ɗan dishi, ta tsoho. Sai a lokacin na lura cewa duk zamanmu ban taɓa zama na saurare shi ba, kunnena na can cikin waya.

"Tana magana?" ya tambaye ni.

Na gyaɗa kai.

"Daidai take?"

Na sake gyaɗawa.

"To, kai ka ji min."

Ya kaɗa har aka kira la'asar, ni kuma na ji masa. Washegari na bar masa jitar na ɗauko rediyona na komo. Kafin ruwa ya janye daga hanya aka aiko cewa ya rasu. Taken nan har yau yana kaina, ban iya kaɗa shi ba, kuma ban san wanda zan ba ba.