Yadda Kawu Ardo Ya Haɗa Ni Kishi da Dakta

Duk wanda ya san Kawu Ardo ya san ba a faɗin magana a gabansa a wuce lafiya. Ka ce masa, "Kawu, yau ana zafi," sai ya sauke tabarau ya ce, "Ta yaya ka sani?" A Yola fa, gumi na zuba! A jami'a ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ilimin tsari, wato yadda abu ke jin sakamakon aikinsa ya gyara kansa. Ni ɗan ƙanwarsa da na tashi a hannunsa a unguwar Gwadabawa ta nan Yola, kyauta na sha karatun, ba don ina so ba.

Baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai Kawu ya hau da shi tsani ya leƙa tanki. Akwai ƙwallon roba a ciki, in ruwa ya cika sai ya taso ya rufe famfo. "Ka gan shi? Ya fi manyan ƙasar nan hankali. Ya san ya ƙoshi."

Ma'aunin man tsohuwar motarsa ya mutu, ya ƙi gyarawa, wai mota da kanta za ta faɗa mana. Ta kuwa faɗa mana: mai ya ƙare a tsakiyar gada, muna hanyar Vinikilang.

"Ka gani, Buba? Saƙo ya iso."

"Kawu, ai ya iso a makare!"

"Madalla. Jinkirin saƙo shi ke kashe tsari. Sauka ka tura."

Na tura. Da muka isa, wa ya yaba? Hammanjoda, ɗalibinsa na jami'a. Wai da Hammanjoda ne, tun a gida zai gane. Wallahi sunan nan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Shekarar da mutanen Mubi suka gudo saboda rikici, gidanmu ya cika har zaure. Aka fara rigima a kan tuwo. Kawu ya kafa doka ɗaya tak: mai rabo shi zai ɗauki kwanon ƙarshe. Nan take rabo ya daidaita, rigima ta mutu. Ni ya naɗa mai rabon, har wandona ya fara zamewa. Hammanjoda ya zo sau ɗaya da buhun masara, Kawu ya yi wata guda yana sa masa albarka. Ni ko sannu.

Bana, bayan rasuwar Kawu, ɗalibansa suka shirya taron tunawa da shi a Jimeta. Aka ba Dakta Hammanjoda babban jawabi, ni aka ba ni kujerar roba kusa da masu raba ruwa. Na zauna zuciyata na tafasa, ina tambayar kaina ko Kawu ya taɓa ganina da daraja ko da rana ɗaya.

Dakta yana cikin jawabi sai ya tsaya, ya nuno ni da yatsa.

"Wancan mutumin, ban taɓa jin haushin wani kamar shi ba. Duk abin da na rubuta na kai wa Malam, sai ya ce, 'Buba na gida da bai yi digiri a kan wannan ba, ya fi ka ganewa.' Har na daina barci saboda Buba!"

Na miƙe ban sani ba. "Ni? Ai da sunanka yake dukana!"

Zauren ya kwashe da dariya. Ashe tsohon nan, da kunyarsa ta Fulani da ba ta barin mutum ya yabi nasa a ido, ya riƙa aika yabon kowa wurin ɗayan. Mu biyu muna ta gudu, shi yana zaune yana shan shayi.

Har yanzu ina kishi, ba zan ɓoye ba. Dakta ya ji Kawu na yabona da kunnensa, ni kuwa sai a bakin wani na ji, bayan an binne shi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, Ka yabe shi a gaban idonsa.