Kifin Jabal Awliya a Garejin Usɗa Haruna

Har yau ina tuna safiyar da aka turo mana motar Musa mai kifi, kafin yaƙi, a garejinmu na Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran motoci. Shayi nake sayarwa a bakin ƙofa, amma tunda na gama ajin manya, ni nake riƙe wa babban makanike, Usɗa Haruna, littafin aiki.

Motar mai canza giya da kanta ce. Daga Jabal Awliya take fizga, ta ƙi shiga giya, can kuma ta shiga da ƙarfi. A bayanta kifi ne cikin ƙanƙara, ana jiransa a kasuwar Omdurman, ƙanƙarar kuma tana ɗiga a ƙasa.

Usɗa ya kasa kunne, ya ce, “Akwatin giya ne. Kwana uku.”

Musa ya ce, “Ya Usɗa, kifin fa?”

“Ni makanike ne ko masunci?”

Don a ga ya yi bincike, sai ya ɗauko mita. A jikin totur akwai wani ɗan abu, hassas muke ce masa, shi ke gaya wa giya yadda direba ya taka. Ana jona masa mita, a murɗa makulli ba a tayar da inji ba, a taka totur a hankali, lamba ta riƙa hawa daga rabi zuwa huɗu da rabi. Musa na takawa, Usɗa na faɗa mini lambobin, yana kuma ba maƙwabta labarin giyoyin da ya sauke.

Na rubuta: ɗaya, biyu, sifili, uku. To, mu a ajinmu ba haka aka koya mana ƙirga ba. Sai dai mai shayi ba ta gyara wa usɗa magana a gaban mutane.

Na miƙa masa shayi na ce, “Ya Usɗa, ka yafe ni, kunnena ya tsufa. A maimaita mini.”

Ya yi tsaki, aka sake. A daidai wurin nan lambar ta sake faɗuwa. Sai ya juyo ga jama'a: “Ba na faɗa muku hassas ne ba? Hajja, ki riƙa lura, ki koyi aiki.”

Na ce to. Kafin azahar an sa sabo, kifi ya kama hanyar Omdurman.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku fara auna ƙaramin abu kafin ku sauke babba. In kuma kun riga usɗa gani, ku bar shi ya gano da kansa. Washegari Musa ya kawo masa manyan kifaye biyu na godiya. Ni aka ba na soya.