Gidan Sauro Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

Ana sallame sallar asuba ranar Lahadi muka bar unguwarmu Largo a nan Amurka, ni da wata abokiyar aikina, sanyi kamar zai tsinke kunne. A Fort Washington muka ɗauki wani bawan Allah ɗan Nijar mai babbar mota, wanda ya ce ko kuɗin mai ba zai karɓa ba. Kwali shida muka loda. Ruwan kofin da na saya a gidan mai dala huɗu ne, ɗanɗanonsa kuwa sai ka ce wankin tukunya.

Ga dalilin tafiyar. A asibitin da nake aikin jinya akwai wata baiwar Allah 'yar Checheniya mai gyaran ɗakunan marasa lafiya. Ƙaninta ya taka nakiya yana yaro lokacin yaƙinsu, ƙafar dama ta tafi daga ƙasan gwiwa. Ranar nan da yamma za ta tashi zuwa gida, ta kuma ware mana akwati guda cikin kayanta don taimakon da na yi alkawarin haɗawa. Na yi shela a masallaci cewa 'yan'uwa da yaƙi ya shafa na buƙatar magani, mutanenmu kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba.

Hanya fayau, muka haye gadar Potomac hazo na tashi daga ruwa, har ina jin kaina wata babbar mai agaji. Kafin takwas muna Springfield, unguwar da take zaune.

Gidanta ɗaki biyu ne, tsaf-tsaf. Ba ta bari mun buɗe komai ba sai da ta ajiye mana dafaffen nama da 'yan curin fulawa da romon tafarnuwa. Tafarnuwar nan ta sa direbanmu hawaye, amma sai da ya ƙara.

Sannan muka yanka kwalayen. Gidan sauro ne fal. Sai maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ya zo da shi daga gida yana tattali, da garin gishiri da sukari na gudawa, da man zafi. Ta ɗaga gidan sauro ɗaya tana juya shi, ta tambaye ni ko labule ne. Garinsu kan tsauni yake, yanzu haka ƙanƙara ta rufe shi.

Ta ce, "'Yar'uwa, safar fa?"

Nan na ciro wayata na duba. Mako uku da suka wuce ta turo mini saƙo mai tsawo, na amsa da "in sha Allahu" ban karanta har ƙarshe ba. Na taɓa aiki a sansanin gudun hijira a Maiduguri, sai na ɗauka na san abin da duk wanda yaƙi ya ci yake so. Abu ɗaya ta roƙa: safar roba mai laushi da ake sa wa dungu kafin a zura ƙafar roba, har da lambar awon. Ta ƙanin nata ta yage tun bara, tawul yake naɗawa, wurin ya zama gyambo. Likita ya ce in gogar ta ci gaba, sai an ƙara yankewa sama da gwiwa.

Muka bazama. Kantin magani huɗu muka shiga, babu. Na biyar ya ce a wurin masu haɗa ƙafar roba ake samu, su kuma ba sa buɗewa Lahadi, ko da sun buɗe sai an yi oda. Na kira likitoci biyu 'yan garinmu, ɗaya yana bakin aiki, ɗayan ya ce da na faɗa tun wancan makon ai da ya samo.

Direban ya ce, "Hajiya, a farmasin nan dai mu sai bandeji, ya fi hannu banza."

Bandeji da maganin wanke ciwo muka kai mata, ko kwatar akwatin ba su cika ba. Na ce zan aika safar daga baya. Ta ce saƙo zuwa can yanzu sai an samu mai tafiya, kuma ba ta san wani mai zuwa ba kafin bazara. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Godiya ta yi, ta kuma cika mana roba da sauran naman.

Da la'asar na isa gida, kwali shida na jibge a gareji. Na koyi cewa a tambayi mutum ciwonsa, a kuma tsaya a ji amsar har ƙarshe, amma darasin nan ba ni zan biya shi ba. Mutumin da ban taɓa gani ba ne zai biya, da gwiwarsa.