Kwandensar da Na Dasa a Juye

Jiya na kai wayata gyara a kasuwar Gumel. Da ƙaurin dalma ya bugi hancina, sai da na nemi benci na zauna. Kawu na tuna.

A Maigatari yake gyaran rediyo. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, shi ya sa yake kai fuska dab da aiki har gemunsa ya taɓa wayoyi. Kullum maganarsa, "Duba ƙafar kowane kaya kafin ka liƙa."

Ina da 'ya'ya biyu lokacin da na je koyo wurinsa. Ya ba ni rediyon 'yan koyo, kayanta a leda, ya ce in harhaɗa a kan allonta. A garwashi muke gasa ƙarfen liƙi. Na gama, sai na lura na dasa kwandensa ɗaya, ɗan kayan nan mai ƙafa biyu da ke tara wuta, a juye. Kunyar a ce magidanci ya kasa aikin yara ta rufe mini baki.

Kawu ya sunkuya, ya jona batirin mota. Tas! Kwandensar ta fashe a fuskarsa. Ya dafe idon mai ganin yana salati.

"Kawu, kana gani?"

"Hayaƙi kawai, ɗan nan. Laifina ne, ban duba ba."

Na bar shi ya ɗauki laifin. Idon bai koma daidai ba, bai ƙara riƙe ƙarfe ba, kuma har ya rasu ban faɗa masa na san a juye take ba. Yanzu na tsufa, tsayuwar gobe ƙiyama nake tsoro. Ya Allah, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya yafe mini kafin a tambaye ni.