Ranar da Iya Ta Bar Ta a Kan Benci

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana kamar manyan nan ba. Abin ne ya tsaya min a rai.

Wata rana aka kai wata yarinya asibiti. Mu ce mata Sahura, ba shi ne sunanta ba.

Shekararta goma sha bakwai. Al'adarta sai ta zo wata ɗaya ta ɗauke wata huɗu, ga wani zafi da ke taso mata haka kawai, ta jiƙe sharkaf da gumi ana tsananin sanyi.

Aka ɗebi jininta. Ranar karɓar sakamako, mahaifiyarta, Iya, ta ce ta jira a kan benci, wannan maganar manya ce. Kun dai san mu da kunya, wa zai so a yi zancen al'adarsa gaban uwa da namijin likita? Sahura har daɗi ta ji da aka bar ta a waje.

Iya ta fito ta ce ba komai, sanyi ne.

Shekara tara baiwar Allah nan tana maganin sanyi. Jiƙo, sassaƙe, tafarnuwa da zuma, na tsuguno. Duk abin da Iya ta miƙo, toshe hanci take yi ta shanye.

A ciki ta auri Malam Nafi'u mai gyaran keken ɗinki. Shekara huɗu shiru. Da al'adar ta ɗauke gaba ɗaya sai ta ɗauka ciki ne, har ta raɗa wa mijin, ya yini yana murmushi shi kaɗai a shago.

Ta tafi awo asibitin nan dai. Wajen yankar kati aka tambaye ta ko ta taɓa zuwa, ta ce sau ɗaya, tana budurwa. Aka bincika da sunan babanta, aka zaƙulo tsohon fayil duk ya yi ja.

Babu ciki.

Likitar, mace ce wannan karon, ta daɗe tana karanta fayil ɗin, sannan ta tambaye ta me ya hana ta dawowa. Ashe tun wancan zuwan an rubuta cewa ƙwayayen haihuwarta suna ƙarewa da wuri. An rubuta an yi wa mahaifiya bayani. An rubuta a dawo da ita bayan wata uku.

Ta ce a wancan lokacin da sauran ƙwayayen, akwai abubuwan da za a gwada, duk da ba a yin alƙawari. Yanzu kusan babu. Cikin mata ɗari masu wannan larurar, biyar zuwa goma kan samu ciki da ikon Allah, don haka ba a ce an rufe ƙofa ba. Ta rubuta mata ƙwayoyin da za su kare mata ƙashi da zuciya.

Sahura ba ta koma gidanta ba. Gidansu ta wuce, ta sami Iya a tsakar gida tana tsintar wake.

"Iya, me likita ya faɗa miki ranar nan?"

Iya ba ta ɗago ba. "Da na faɗa, da unguwa ta ji. Wa zai zo neman aurenki?"

"Ni fa, Iya? Ni ma unguwa ce?"

Iya ta ci gaba da tsintar wakenta.

Malam Nafi'u da ya ji ya ce yana nan, za su jira hukuncin Allah tare. Tana shan ƙwayoyinta, tana jira.

Har yau duk Juma'a tana zuwa gaida Iya. Ta durƙusa har ƙasa, ta kai mata cefane, ta share mata ɗaki.

Amma ko ciwon kai take yi, Iya ba ta ji daga bakinta.

Darasi: mai jiki shi ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ke jikinsa. Iyaye, in likita zai yi magana a kan 'yarku, ku shiga da ita, ko tana jin kunya. 'Yan mata, in al'ada tana muku wasa, kar ku yarda da "sanyi ne" sai kun ji da kunnenku.

Don Allah ku tura wa iyaye mata da 'yan ajinku, amma kar ku ce ni na rubuta, don in aka gane a gidanmu... ana kirana, bari in je.