Ladan Mai Leƙa Shafin Ƙarshe

Shekara ashirin da biyu Malam Ladan ya yi yana gyaran agogo a bakin kasuwar Wunti. Bayan sana'arsa, babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar littattafan wata marubuciya, gwanar labarin kisan da sai a ƙarshe ake gane wanda ya aikata. Maƙwabcinsa Obiefuna, mai shagon littattafai, shi ya fara ba shi aronsu. A Bauchi aka haifi Obiefuna, Hausa yake ji kamar jakin Kano.

Da zarar sabon littafinta ya iso, sai Obiefuna ya ware guda biyu. Kowa ya karanta rabi, bayan la'asar su zauna a benci kowa ya faɗi wanda yake zargi. Wanda ya faɗi ba daidai ba, shi ke sayen tsire.

Ladan bai taɓa saye ba.

"Kukun gidan ne," zai ce, yana kallon cikin agogo.

Kwana biyu sai ga Obiefuna yana tafa hannu. "Kai, Malam! Wallahi ɗan sanda ya kamata ka zama."

Abin da bai sani ba shi ne, Ladan kan leƙa shafin ƙarshe tun kafin ya fara. Karon farko da wasa ya yi, da niyyar faɗa masa. Sai yabo ya yi daɗi, faɗin kuma ya yi nauyi.

Da ciwon suga ya ci ƙarfin Obiefuna, ya bar wa ɗansa Tochukwu shago ya koma garinsu a kudu. A tasha ya riƙe hannun Ladan ya ce, "Ban taɓa ganin mai basira irinka ba."

Ladan ya yi niyyar faɗa masa gaskiya, ya fasa. "Allah ya kiyaye hanya," kawai ya iya cewa. Ya yi alkawarin zuwa bayan Sallah. Sallah biyu ta wuce bai je ba.

Wata Talata da hantsi Tochukwu ya tsaya gaban teburin Ladan, idanu jajur. Nan take Ladan ya gane Obiefuna ya rasu, ya tattara kayan aiki ya koma gida unguwar Fadaman Mada.

A ranar ya gaya wa matarsa Zinariya komai.

Ta ce, "Haba Malam, ai da ka faɗa masa, dariya kawai zai yi."

"Na sani," in ji shi. "Har ƙasa zai zauna don dariya. Ni na hana shi."