Sunan Ɗan Fari

Sa'adiya 'yar Gusau ce. Ta karanta harhaɗa magunguna a Zariya, aiki ya kawo ta Dubai, inda take tantance magunguna a wani sito da ke Dubai Investments Park. Tana tuƙa mota, tana faɗa da mai gidan haya da Turanci, ta kuma iya Larabcin da zai kori mai talla. Abu ɗaya ne ya biyo ta daga gida har cikin jirgi: ba ta faɗin sunan ɗanta na fari.

Haka ta tashi ta gani. Mace mai kunya ba ta kiran ɗan fari da suna, ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Ita ma 'yar fari ce, har yau "ke" uwarta take ce mata. Don haka yaron da aka raɗa wa Zainul Abideen ya kai shekara bakwai a unguwar Bur Dubai yana amsa "kai". In zancensa ake yi, "wancan" ne.

Aurenta da Ɗalhatu ya mutu ba hayaniya. Shi aikinsa ɗaure kaya ne a kasuwar Murshid Bazaar yana aikawa Najeriya, kuma da aka rabu sai ya ga yaron ma ya kamata a aika shi Kano wajen yayarsa, ya koyi gaisuwa. Ya nemi riƙo a kotu. Lauyar Sa'adiya ta kwantar mata da hankali: a nan uba shi ne waliyyi, amma riƙo yawanci na uwa ne, sai in an nuna ba ta dace ba.

Kotu ta turo wata jami'a ta ga zaman gidan.

"Ya sunan ɗanki?"

"Yana jikin fasfo," in ji Sa'adiya cikin ladabi.

"Yana ƙoƙari a makaranta?"

"To, yana dai zuwa."

"Kina son sa?"

Sa'adiya ta dubi labule. A Gusau, wannan tambaya ko mahaukaci ba ya yi wa uwa. Yaron ya zo ya jingina da ita, ta ture shi a hankali saboda akwai baƙuwa. A ranta ta ji ta fita kunya. Jami'ar ta yi godiya ta tafi, lauyan Ɗalhatu kuwa ya samu abin faɗa: uwa ce da ba ta damu da ɗanta ba.

Hamamatu, maƙwabciyarta 'yar zangon Kumasi mai aiki a otal, ta ji labari ta riƙe baki.

"Ei, Hajiya! Aka ce kina son sa, kika kalli labule? Labulen ne zai je kotu?"

"To me zan ce? Ɗan fari ne fa."

"Ki ce habibi, ki ce rayuwata, ki yi kuka. Nan ko kyanwa suna gare ta, har da likita. Yalla, faɗi sunan in ji."

Sa'adiya ta buɗe baki, ta ce, "Zai…" sai ta ƙarasa da "…yi wuya."

Ranar da aka haɗa su a ofis, jami'ar ta fara da uban. Ta ce tunda shi ke neman yaron, ya gabatar da shi.

Ɗalhatu ya gyara zama. Sunan mahaifinsa aka sa wa yaron, kuma bai taɓa furta sunan mahaifinsa ba tun da ya yi wayo.

"Wannan Alhaji ne," in ji shi.

"Ya je hajji?"

"A'a. Alhaji Ƙarami."

"Sunansa nake tambaya."

"Yana jikin fasfo."

Jami'ar ta ajiye biro. Ta ce ta ga iyaye masu zagin juna, ta ga masu jifa da takalmi, amma ba ta taɓa ganin yaron da uwa da uba suka haɗu a kan rashin sanin sunansa ba. Ta ce in haka ne, dole ta rubuta cewa babu wanda ta gamsu da shi a cikinsu.

Sa'adiya ta dubi yaron yana kaɗa ƙafa a kujera. Ta tuna Kano, da yayar Ɗalhatu, da nisan da ke tsakani. Ta miƙe tsaye, ba wanda ya ce ta miƙe.

"Zainul Abideen," in ji ta. Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya. "Sunansa Zainul Abideen. Ni na haife shi. Ina son sa."

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Subhanallahi, Sa'adiya, a gaban mutane?"

Daga nan lauyarta ta yi bayanin al'adar, Ɗalhatu kuma da aka tambaye shi bai iya musawa ba, tunda kowa ya ga irin tasa kunyar. Riƙo ya zauna a hannun uwa, uba yana ɗaukar yaron ƙarshen mako, maganar Kano ta mutu.

A hanyar komawa gida yaron ko ayis kirim bai nema ba. Sai da suka tsaya a danja ya leƙo daga kujerar baya.

"Mama, laifin me na yi?"

"Kai, zauna daidai," in ji ta.

Ya koma ya zauna, hankalinsa ya kwanta.